Me Ya Sa Landan Ta Fi Katsina Kusa a Rediyon Zakka?

Masu akwatin rediyo a ƙauyukan Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana, da maƙwabtansu na Batsari sun san wannan abin ɗaure kai. Ka murɗa gajeren zango da sassafe, Sashen Hausa na BBC, wanda ke magana tun 1957, ya fito tangaram. Ka koma FM neman labarin gida daga birnin Katsina, sai shuuu, murya ta zo ta ɓace. Ta yaya na nesa ke isowa, na kusa ya maƙale a hanya?

Batir ake fara zargi. A saka sabo, a ja eriya har ƙarshe, wani ma ya ɗaura mata waya ya rataya a kan danga. Amma akwatin da ya kamo Landan babu gargada, da batir ɗin nan ya kamo ta. Batir ya kuɓuta.

Wasu suka ɗora laifin a kan sabis. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindigar dajin Rugu da kewaye, Safana da Batsari na ciki. Wayoyi suka yi tsit na tsawon watanni, rediyo kuwa bai daina magana ba, shi ne ma ya zame wa jama'a kunne. Ashe hanyarsa daban ce da ta turakun waya.

To ko nisa ne? Da nisa ne, da BBC ce za ta fara ɓacewa. Muryarta takan taso ne daga na'urori irin na tsibirin Ascension, can tsakiyar tekun Atilantika, dubban kilomita daga Safana.

Bakin zaren yana hannun yara makiyaya. Yaro ya hau kan dutse da ƙaramar wayarsa, ya toshe kunne da iyafis, tashar Katsina ta fito sarai. Ya gangaro kwari wajen shanu, ta ɗauke. Waya ɗaya ce, tasha ɗaya, abin da ya sauya kawai shi ne dutsen da ya shiga tsakani.

Nan asiri ya tonu. FM, mai aiki tsakanin megahaz 88 da 108, miƙe yake tafiya kamar hasken tocila: tudu ko dutse ya tare shi, na bayansa sai duhu. Gajeren zango kuwa sama yake haurawa, ya daki wani sashe na sararin samaniya mai cike da lantarki, ya dawo ƙasa ta bisa duwatsu. Shi ya sa ma tashoshin matsakaicin zango na nesa suka fi fita da dare.

Saura tambayar da ta fi damuna: shin rediyon dijital zai raba wannan gardama? Najeriya ta fara talabijin na dijital a Jos, garin duwatsu, a 2016, kuma ba shakka maganar za ta iso kan rediyo. Dijital ɗin iri-iri ne. Akwai DAB, wanda ƙasar Norway ta koma kansa ta kashe manyan tashoshinta na FM a 2017. Shi ma miƙe yake tafiya, dutse na tare shi, kuma ba ya shuuu: ko ka ji shi sarai, ko ka ji shiru. Sai an kafa na'urori da yawa yake ratsa tuddai. Akwai kuma DRM, wanda ke hawa gajere da matsakaicin zango. Indiya na amfani da shi, Muryar Najeriya ma ta buɗe tasha mai irin na'urarsa a Lugbe, Abuja, a 2012. Wannan shi ne ya dace da ƙasa irin ta Zakka, sai dai tsohon akwati ba ya kama shi.

Don haka kirana ga hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da gwamnatin Katsina: a zaɓi tsarin da zai tsallake dutse, a samar da akwati mai araha mai cajin hasken rana, a kafa ƙananan na'urorin FM a kan tuddan yammacin jihar. Kada a kashe tsohon zango sai manomin Zakka ya kama sabo a cikin gonarsa.