Hular Haƙori: Wace Magana Ce Gaskiya, Wace Ce Ji-ta-ji-ta?

Da zarar likita ya ce wa mutum sai an sa wa haƙorinsa hula, to an buɗe ƙofar shawarwari ke nan. Wannan ya ce kada ka kuskura, allurar tana taɓa ido. Waccan ta ce ƙanwarta ta sa, yanzu bakinta wari yake yi. Wani kuma ya ce ai ka huta, haƙorin da aka rufe ya rabu da ciwo har abada. A cikin maganganun nan akwai ƙarya tsagwaronta, akwai gaskiya, akwai kuma mai rabi da rabi, wadda ita ta fi yin ɓarna.

Hular haƙori murfi ne da ake ƙerawa daidai da surar haƙorin mutum, a kifa shi a kan wanda ya tsage, ko ya gutsure, ko kogo ya cinye shi har ciko ba zai zauna ba. Likita zai yi allurar kashe zafi, ya fere haƙorin ta kowane gefe da kimanin milimita 1 zuwa 2, ya ɗauki awonsa, ya sa hular wucin gadi. Bayan mako ɗaya ko biyu, idan ta ainihin ta fito daga wurin masu ƙira, sai a manna ta da simintin haƙori. Ana yin ta da ƙarfe, ko zinare da aka gauraya da wasu ƙarafa, ko tangaran, ko tangaran mai ƙarfe a ciki, ko kuma zakoniya, wadda fara ce kuma tana da ƙwari sosai.

Maganar da ta fi kowace yaudarar mutane ita ce wai haƙori mai hula ba ya ƙara ruɓewa. Hular kanta dai ba ta ruɓewa, wannan gaskiya ne. Amma haƙorin yana nan a ƙarƙashinta, kuma akwai wani siririn layi dab da dasashi inda bakin hular ya haɗu da shi. A nan dattin abinci yake taruwa. Ƙwayoyin cuta na baki su ci sukarin da ke ciki, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙorin daga gindi. (Tsutsar haƙori da ake faɗa babu ita, wannan tsamin ne ke haƙa kogo.) Kwanon rufi ba ya jiƙewa, amma idan ruwa ya sami kafa ta gefensa, katangar ƙasa ce ke zubewa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ido ba ya ganin ɓarnar, tunda hula ta rufe. Idan kuwa an riga an cire jijiyar haƙorin, ko ciwo ba za a ji ba. Sai dai wata rana ana cikin cin tuwo a ji hular ta faɗo da guntun haƙori baƙi ƙirin a cikinta.

Daga nan ne batun warin baki ya samo asali. Hular da ta zauna daram, ana kuma tsaftace gindinta, ba ta wari. Wadda ke wari ita ce wadda aka bar rata a bakinta, ko simintinta ya fara sakewa, ko mai ita ya daina kula. Saboda haka aikin tsafta ƙaruwa yake yi bayan an sa hula: buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare, a karkata shi wajen dasashi, sannan a bi tsakanin haƙoran da zaren sakace sau ɗaya a rana. Aswaki ba ya cutar da hula, a ci gaba da yi, sai dai ba ya shiga matsatsin da zare ke shiga.

Ba za a yi wannan zance a ƙasar Hausa a tsallake haƙorin Makka ba. Shekara da shekaru alhazai, musamman mata, suna dawowa da haƙori mai ƙyalli, shaidar an sauke farali, kuma babu mai musun cewa yana yi wa murmushi kyau. Shi ma ɗin hula ne. Bambancin shi ne yawanci ba a ƙera shi da awon bakin mai shi ba, wani siririn kwanso ne da aka riga aka yi, a zaɓi wanda ya kusa dacewa a cusa a kan lafiyayyen haƙori. Wanda bai zauna daidai ba yana tara abinci, dasashi ya kumbura ya riƙa jini. Idan kuma an goge haƙorin kafin a sa, to an yi asarar da ba ta dawowa, domin farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori ba ya sake tsirowa. Masu cewa ai ko yaushe aka ga dama sai a cire, haƙori ya koma yadda yake, ba su yi gaskiya ba sai in ba a taɓa feƙe shi ba. A ganina, a fere haƙorin da babu abin da ya same shi don ado kawai ciniki ne na faɗuwa. Wadda kuma ta riga ta sa, ba a ce ta tayar da hankalinta ba, ta dai kai wa likita ya duba gindinsa.

Batun allura ta makantar da mutum abu ne mai matuƙar wuyar faruwa. Maganin kashe zafin yana sa leɓe da kunci su yi nauyi na ’yan sa’o’i, wani lokaci har gefen hanci ko ƙasan ido idan haƙorin sama ne, sannan ya sake. Haka zancen wai ƙarfen hula yana jawo ciwon daji, babu hujjar da ta tabbatar da shi. Abin da yake gaskiya shi ne wasu jikinsu ba ya shiri da ƙarfen nikel. Macen da ’yan kunnen gwangwani ke sa wa ƙaiƙayi da ƙuraje ta gaya wa likita tun kafin a zaɓi irin hular. Na’urar binciken filin jirgi ba ta kuka saboda hular haƙori, kuma ba ta hana a ɗauki mutum hoton MRI, a dai sanar da ma’aikacin, don ƙarfe yana iya ɓata hoton wajen baki. Mai juna biyu ma ana yi mata aikin haƙori idan ya zama dole, da sanin likitanta.

Wasu sun ɗauka kowace hula sai an kashe jijiyar haƙori. Ba haka ba ne, haƙora da yawa ana rufe su da jijiyarsu a raye. Juyin maganar ne ya fi kusa da gaskiya: haƙorin tauna da aka yi wa aikin jijiya yakan yi rauni, shi ya sa ake son a rufe shi kafin ya dare gida biyu. Wanda jijiyarsa ke raye kan ɗan yi tsami idan ruwan sanyi ya taɓa shi a makonnin farko, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma ciwo mai zuga da ke hana barci, ko kumburi, ko jin haƙorin yana riga sauran haɗuwa idan an rufe baki, duk dalilai ne na komawa asibiti. Na ƙarshen ma gyaran ’yan mintuna ne.

Hula tana zama har abada kuwa? A’a. Likitoci kan ce shekara 5 zuwa 15, kodayake da yawa suna wuce haka, musamman na zinare. Abin da ke rage mata kwana sananne ne: buɗe kwalbar lemo da haƙori, fasa ƙashi don a kai ga ɓargo, taunar ƙanƙara lokacin zafi, busasshiyar aya, ɓare rake da baki. Mai cizon haƙora cikin barci yana buƙatar robar kariya da likita ke yi. Cingam da alewa mai danƙo kuwa hular wucin gadi suka fi tumɓukewa. Masu cin goro su sani cewa maganin hasken haƙori ba ya sauya launin hula, yadda aka sa ta haka za ta zauna ko da maƙwabtanta sun yi fari ko sun rine.

Akwai kuma masu fargabar alwala da wankan tsarki, tunda ruwa ba ya kaiwa ga haƙorin da aka rufe. A mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce a duka biyun, ba farilla ba. Hukuncin zinare ga namiji kuwa, wannan tambaya ce ta malamai, kuma yau akwai tangaran da zakoniya ga mai son ya kauce wa saɓani.

Idan hula ta cire, kada a bi shawarar masu cewa a ɗiga mata gam ɗin kasuwa a mayar. Gam ɗin yana ƙona dasashi, yana kuma iya lalata hular da haƙorin gaba ɗaya. A ɗauraye ta, a adana, a daina tauna ta wannan gefen, a kai wa likita cikin ’yan kwanaki, sau da yawa ita ɗin zai sake mannawa. A kuma tabbatar likitan na gaske ne. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami’ar Maiduguri suna da sashen haƙori. Kayan aikin da ba a tafasa su yadda ya kamata ba suna iya ɗaukar ciwon hanta daga wannan baki zuwa wancan. Don Allah, kafin ka buɗe wa wani bakinka, ka tambayi shaidarsa.