Daga ina dutsen farar ƙasa ya fito?

Yara, kun san simintin da ake gini da shi. A Malbaza, cikin jihar Tawa, ana yin shi da wani farin dutse da ake haƙowa nan kusa. Sunansa dutsen farar ƙasa. In ka fasa shi ka duba da kyau, wani lokaci za ka ga kumba ko katantanwa a ciki, ta zama dutse. To, me ya kawo kumbar teku a Adar?

Kusan shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya rufe wurin. Wannan dutse ba ruwan sama ne ya kwaso shi daga tudu ba, kamar yashin ƙorama. A cikin teku aka yi shi, kuma masu rai ne suka yi shi.

Ga yadda abin yake. Ƙarƙashin teku ba daidai yake ba. Akwai wuraren da ƙasa ta taso ta yi shimfiɗaɗɗen kai kamar dakali. A bisa wannan dakali ruwa ba zurfi, akwai ɗumi, hasken rana yana kaiwa har ƙasa. Nan kumba da katantanwa da murjani da wata irin gansakuka suke yawa. Suna tsotsar sinadarin farar ƙasa daga ruwa, su gina kwansonsu da shi. In sun mutu, kwanson ya rage. Igiyar ruwa ta farfasa shi, ya zama tsakuwa, ya zama yashi, ya zama gari. Har yau ana ganin haka a tsibiran Bahamas, kusa da Amurka, inda zurfin ruwan dakalin galibi bai kai mita 10 ba.

Amma kowane dakali yana da baki. Daga bakin sai gangare, wanda yake sauka zuwa zurfi mai duhu. Can ƙasa masu son haske ba su iya rayuwa. Duk da haka farar ƙasa tana taruwa a gangaren, jibgi bisa jibgi. Wa ya kai ta?

Da yawa daga sama take zubowa. Halittun dakali suna yin abin da ya fi ƙarfin wurin, kamar ƙwaryar da ta cika tana zuba. In guguwa ta tashi, sai ta share yashi da gari ta tura su bayan baki. Wani lokaci bakin kansa yake karyewa, musamman in ƙasa ta girgiza. Sai manyan duwatsu su gangara tare da laka, su tsaya a gindi a hargitse, babba kusa da ƙarami.

Wata kuma tana saukowa a hankali kamar ƙurar hunturu. Wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne masu yawo a saman ruwa, ido ba ya ganin su. In sun mutu, kwansonsu ya nutse. Irin wannan garin ne yake zama alli.

Akwai ta uku, wadda masana suka daɗe ba su ba ta muhimmanci ba. A wasu tekuna na dā, ƙwayoyin halitta sun zauna a jikin gangaren kansa. Suka sa farar ƙasa ta daskare nan take, ta riƙe tsakuwa kamar yadda siminti yake riƙe ta. Shi ya sa gangaren ya iya tsayawa da tsini bai zube ba.

A arewacin Italiya akwai duwatsun Dolomit. Dakalan teku ne na shekara wajen miliyan 240, yanzu sun zama tsaunuka. Mai kallo yana ganin shimfiɗun kan dakalin a kwance, na gangaren kuwa a karkace, kamar buhunan da aka jingina da bango. Tekun Adar bai yi irin wannan gangare ba. Ƙasansa a hankali yake sauka, shi ya sa shimfiɗun dutsenmu suke kusan a kwance.

Ku gwada wannan a aji. Ku kankare ɗan garin farin dutse, ku ɗiga masa ruwan lemun tsami, ku kawo shi kusa da kunne. In ya yi kumfa yana cus-cus, dutsen farar ƙasa ne. Sannan ku gwada da ɓawon ƙwai, ku gwada da yashin ƙorama, ku faɗa wa malam abin da kuka gani.