Itacen da ke fure a tsakiyar bazara

A watan Maris da Afrilu, yankin Wagini da ƙauyukan Batsari da Safana sukan koma fili fetal. An kwashe kara, dabbobi sun share harawa, zafi kuma kan haura digiri 40 da rana tsaka. Abin mamaki, a wannan lokaci ne wasu itatuwa ke yin adonsu. Sansami yakan zubar da ganye tas, sannan ya lulluɓe rassansa da fure mai ruwan hoda. Marga kuwa furenta ruwan ɗorawa ne, yana reto tuli-tuli daga reshe. Dukkansu 'yan gida ne, a dajinmu suka tashi, amma da wuya ka ga wanda ya dasa su a ƙofar gidansa.

Mai son ƙawata gida yakan ga hoton itatuwan Japan ko na Turai a waya, ya ce shi ma irinsu yake so. Asarar kuɗi ce. Yawancin waɗannan itatuwa ba sa fure sai sun kwana cikin sanyi mai tsanani na makonni da yawa, irin wanda hunturunmu ba ya kaiwa. Namu kuwa fari ne ke tayar da su: sai ƙasa ta bushe, ganye ya kaɗe, sannan fure ya fito gab da faɗuwar damina. Shi ya sa wanda ya shagwaɓa babban itace da ban ruwa duk rani zai samu ganye kore, amma furen sai dai kaɗan.

Ga mai son dasa namu na gida, wahalar duka tana cikin shekara biyun farko. Irin marga na da tauri ƙwarai. A kankare bayansa da wuƙa, ko a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana, sannan a shuka a leda wajen watan Afrilu, a ajiye a inuwa. Sansami ya fi sauƙi ta hanyar 'yan tsiron da ke fitowa daga saiwarsa. Shiga dajin Rugu neman iri ba abin da za a ba kowa shawara ba ne saboda rashin tsaro, kuma ba sai an je can ba, ana samun itatuwan a gefen gonaki da bakin rafi. Kada a dasa sai damina ta kankama, wajen Yuli. Rami ya kai zurfin gwiwa, a cuɗa ƙasar da taki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin shanu gayyatar gara ne, ita kuwa gara ba ta sallama. Sai dai ka wayi gari ka ga dashenka ya langaɓe. Barbaɗa toka a gindin na taimakawa.

Sai akuya. A ganina ita ce ta fi rana kashe dashe a ƙasar nan. Shingen ƙaya mai kauri, ko zagayen tubali mai 'yan ƙofofin iska, tun ranar dashe za a yi shi, ba gobe ba.

Ban ruwan rani ma da dabara. Yayyafi kullum a saman ƙasa yakan sa saiwa ta tsaya a sama, rana ta ƙona ta. Gara a zuba bokiti guda a hankali sau biyu a mako, ruwan ya nutse, saiwa ta bi shi ƙasa. Inda ruwa ke wuya, a binne tsohon tulu kusa da dashen, a cika shi a rufe bakinsa. Yumɓun zai riƙa tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan alwala ma kada a bar shi ya tafi a banza, amma a nisanta ruwan omo.

Akwai baƙin da suka karɓi ƙasarmu. Darbejiya daga Indiya ta zo, ga shi ta zama 'yar gari. Haka filamboyan, mai jan furen nan da ake gani a harabar makarantu da tsofaffin gidajen gwamnati a Katsina da Kano, asalinsa daga Madagaska ne. Yana saurin girma, furensa a Afrilu da Mayu abin kallo ne, sai dai saiwarsa na bin saman ƙasa, tana tsaga katanga da daɓe. A ba shi tazara sosai da ɗaki da masai.

Wanda tsakar gidansa ba faɗi, shukar ƙariya ta ishe shi. Reshe ake yanka, a bar bakin ya bushe 'yan kwanaki, a soka a ƙasa mai yashi. Yawan ruwa ne ke ruɓar da gindinta. Ruwan jikinta dafi ne, don haka a ajiye ta inda yara ba sa wasa, a kuma wanke hannu bayan an taɓa ta.