Ƙusoshi Biyu da Birkin Mota Ya Dogara a Kansu

Galibin masu mota, idan suka ji birki ya fara ƙara, iyakar abin da suke yi shi ne su kai wa bakanike ya sauya musu fad, su biya su kama hanya, alhali kuwa a bayan tayar nan akwai waɗansu ƙusoshi biyu na ƙarfe, kowace tsawonta bai wuce na yatsa ba, waɗanda muddin aka yi sakaci da su, sabon fad ɗin ba zai yi ƙarko ba, birkin kuma ba zai kama yadda ya kamata ba.

Birkin faifai, wanda wani injiniya Bature mai suna Frederick Lanchester ya yi wa rajista a Ingila a shekarar 1902, bai sami karɓuwa sosai ba sai bayan da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa da shi a 1953. Irin na wancan tsere yana da fistin a kowane gefe na faifan. Amma daga baya, saboda neman sauƙin farashi, masu ƙera motoci suka raja'a ga wata hikima, wato su sa fistin a gefe ɗaya kawai, su bar kalifa, ƙarfen da ya rungumi faifan, tana zamewa a kan ƙusoshi biyu. Idan direba ya taka birki, fistin ya tura fad na ciki, sai ita kalifar ta zame ta jawo fad na waje, su matse faifan a tsakaninsu kamar yadda awartaki yake kama ƙarfe a maƙera. To, da zarar ƙusoshin nan sun cije, sai ya zamana fad ɗaya ne yake ɗaukar nauyin aikin biyu.

Alamomin wannan illa a bayyane suke ga mai lura. Za a tarar fad ɗaya ya cinye har ya kusa kai wa ƙarfe, ɗan'uwansa kuwa yana nan da kaurinsa. Wani lokaci mota ta riƙa fizga gefe idan an taka birki. Wani lokaci kuma fad ya ƙi sakin faifai, taya ɗaya ta ɗauki zafi fiye da sauran, ana jin ƙauri, mota tana shan mai ba gaira ba dalili.

A ƙasashenmu musabbabin abin ba ya wuce ƙurar hunturu da ruwan damina, waɗanda suke shiga ta ɗan tsagin da ya samu a jikin robar da ke rufe bakin ƙusa. Sa'an nan motocin da ake shigo da su na hannu daga Turai da Amurka, da yawansu sun yi shekaru a kan hanyoyin da ake barbaɗa wa gishiri domin narkar da ƙanƙara, saboda haka sukan iso mana da tsatsarsu tun daga can.

Amma abin da ya fi damuna shi ne maganar giris, domin a nan ne mai kyakkyawar niyya yakan yi ɓarna. Sau da yawa za ka ga yaron gareji ya lakato giris ɗin da ake sa wa boris, ko ma baƙin mai, ya shafa wa ƙusa, yana ganin ya kyautata. Hakikanin al'amari kuwa shi ne, robar birki ba ta jituwa da duk wani maiƙo da aka samo daga ɗanyen man fetur. Tana shansa ta kumbura, ta riƙe ƙusar da aka so a sassauta. Bugu da ƙari, zafin birki yakan kai ɗaruruwan digiri, wanda giris na yau da kullum ba ya iya jure masa, sai ya tsiyaye ko ya bushe ya daskare. Abin da ya dace shi ne giris na silikon, ko wani da aka rubuta a jikinsa cewa na kalifa ne kuma ba ya cutar da roba.

Aikin kansa ba shi da wahala. Bayan an ɗaga mota an tokare ta da abin da ya fi jak aminci, sai a zare ƙusoshin, a goge su tas, a share ramukansu, a sauya robar da ta yage da ƙusar da tsatsa ta ci. A shafa giris kaɗan, gama in ya cika rami ƙusa ba za ta shige har ƙarshe ba. A waɗansu motoci ɗaya daga cikin ƙusoshin tana da 'yar roba a bakinta, wajibi ne kowace ta koma raminta na asali. Kada ko ɗigon maiƙo ya taɓa fuskar fad ko faifai, kuma kafin mota ta motsa a taka birki sau da dama har ya yi tauri.

Ya kai mai mota, rayukan da kake ɗauka amana ce a wuyanka, tawakkali kuma ba ya hana riƙo da sababi. Duk ranar da za a sauya maka fad, ka tsaya a wurin, ka ce wa bakanike, "Maigida, don Allah a zare ƙusoshin kalifa mu gani," ka kuma nemi ya nuna maka irin giris ɗin da zai shafa.