Gansakuka da Zafin Rana: Sirrin da Ya Shafi Manomin Wake

Duk wanda ya san ƙauyukan Batsari da Safana, ko tafkunan da makiyaya ke shayar da shanu a gefen dajin Rugu, ya san koren abin nan da kan lulluɓe ruwa bayan ɗaukewar damina. Gansakuka ke nan. Mata kan ture ta da ƙwarya kafin su ɗebi ruwa, ba mai ko kallonta. Amma fa raina kama ka ga gayya, domin masana sun shafe shekaru suna nazarinta, kuma abin da suka gano ya shafi gonar mai karatu.

Gansakuka dai taron ƙananan halittu ce masu rai, iri-iri. Akwai wata da masana ke kira Chlamydomonas, wadda sai an jera kamar guda 100 kafin su kai tsawon milimita 1. Kamar ganyen gero, ita ma da hasken rana take haɗa abincinta daga ruwa da iska.

To, ga inda gizo ke saƙar. Rana zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Da hantsi hasken daidai ne, amma da tsakar rana a watan Afrilu yakan fi ƙarfin abin da gansakuka za ta iya sarrafawa. Rarar kuwa ba ta zama haka kawai, sai ta haifar da wasu sinadarai masu ƙone ta daga ciki. Ga shi kuma hasken ba ya tsayawa wuri ɗaya: yanzu hadari ya rufe, an jima ya washe, ko saniya ta shiga ta dama ruwan. Ganyen bishiya ma yana fama, balle abin da iska ke juyawa a ruwa.

Dabararta ta farko ita ce gudu. Chlamydomonas tana da ɗigon ido da wasu gasu biyu da take iyo da su. In haske ya yi kaɗan ta nufe shi, in ya yi yawa ta kauce.

Ta biyu ita ce zubar da rara. Idan haske ya wuce kima, tsami kan taru a ɓangaren da ake haɗa abincin. Wannan tsamin ne ke tayar da wani furotin da ke mayar da rarar hasken zafi, ta fice ba tare da ɓarna ba. A shekarar 2009 ne masana a ƙarƙashin Farfesa Krishna Niyogi na Jami'ar Kalifoniya a Amurka suka nuna muhimmancinsa. Gansakukar da ba ta da shi, da aka fitar da ita daga inuwa zuwa haske mai ƙarfi, ba ta jure kamar 'yan'uwanta ba.

Ta uku ita ce gyara da canjin riga. Akwai sashen da rana kan lalata kullum, ita kuwa tana cire shi tana sa sabo, kamar manomin da ke wasa fartanya yana cikin noma. In zafin ya daɗe kwanaki, sai ta rage koren launin da ke kama haske. Wata irin ma, mai zama a ruwan da kan kwanta a kan dutse, ja take komawa idan ruwan ya kusa ƙafewa.

Ina ruwan manomi da wannan? Ganyen shuka ma yana da irin wannan birki, da ɗan bambanci. Matsalar ita ce yana saurin kamawa, amma yana nawar saki. Idan inuwa ta zo, ganye kan ɗauki mintoci yana ci gaba da zubar da hasken da a lokacin yake bukata. Sai mai karatu ya tuna waken da ake shukawa tsakanin gero da dawa, wanda ke wuni tsakanin rana da inuwa. Kowace nawa asarar abinci ce.

A 2016 Farfesa Stephen Long na Jami'ar Ilinoi da Niyogi da abokan aikinsu sun gaggauta sakin birkin a ganyen taba, girman shukar ya ƙaru da kimanin kashi 15 cikin 100. A 2022 suka ba da rahoton waken soya, inda mafi kyawun irin ya ba da ƙarin da ya kai kashi 33. Sai dai a daminar gwaji ta biyu iska ta kwantar da shukar, ba a ga ƙarin ba. Duk wannan kuwa a gonakin gwaji aka yi.

Shirin binciken, wanda aka fara a 2012, ya sa wake da rogo cikin amfanin gonar da ya duƙufa a kai, su ne kuwa cimar mutanen Batsari da Safana. Inda gonaki ke ƙanƙancewa, rashin tsaro kuma ya hana mutane da yawa zuwa na nesa, ƙarin mudu daga kunyar da ake da ita ba ƙaramin abu ba ne.