In An Soke Jirginka, Kada Ka Juyo Gida Hannu Rabbana

Mutumin Magaria ko Dungass ba ya hawa jirgin sama a ƙofar gida. Ko dai ya nufi Damagaram, ko ya yi doguwar tafiya zuwa Yamai, ko ya tsallaka iyaka ta Tinkim ko Maigatari ya kama hanyar Kano. Ya biya kuɗin mota, ya yi bankwana da dangi, wani ma sa ya sayar ya haɗa guzurin Umara. Yana isa filin jirgi sai a ce an soke tashi. Da yawa sukan ce "haka Allah ya so", su ɗauki jaka su juyo. Tawakkali gaskiya ne, amma yafe haƙƙi cikin rashin sani ba ya cikinsa.

Tikiti alƙawari ne tsakaninka da kamfanin jirgi, kuma doka ta tsaya masa. A Nijar akwai dokar ƙungiyar UEMOA ta 2003 kan soke jirgi da jinkiri mai tsawo da hana fasinja shiga, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ANAC kuma ita ke sa ido a kan kamfanoni. A Kano, ƙa'idojin takwararta ta Najeriya, hukumar NCAA, na 2023 ke aiki. Ko'ina zaɓin naka ne: a mayar maka da kuɗinka, ko a sa ka a wani jirgin ba tare da ka ƙara ko dala ba. In jira ya yi tsawo, abinci na wuyan kamfani. In kwana ya kama, masauki ma haka. A Najeriya, wanda ya biya ta banki, cikin kwana 14 ya kamata kuɗinsa su dawo.

Diyya kuwa daban take da mayar da kuɗi. In hazon hunturu ne ya rufe sararin Kano har matuƙi ba ya iya sauka, kamfani na da uzurin ƙin biyan diyya, domin ba laifinsa ba ne. Amma hazo ba ya cinye kuɗin tikiti.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne wajen dillalin tikiti. Shi ya yanki tikiti, lambarsa ce a rubuce, shi ake sanarwa, shi ake mayar wa kuɗi. Don haka ka tsaya a rubuta lambar wayarka, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton tikitin.

Ranar da aka soke jirginka, kada ka bar filin jirgi sai ka nemi shaidar sokewa a rubuce. Ka adana rasit na abinci da masauki. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba, musamman in za a ba ka takardar wata tafiya maimakon kuɗi. In kamfani ya yi kunnen ƙashi, ka kai kuka ANAC ko NCAA, wato hukumar ƙasar da jirgin zai tashi daga cikinta.

A can ba za a tambaye ka nisan da ka sha daga Dungass ba. Takarda za a tambaya.