Dominikawa Ba Su Guji Duniya Ba

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci ruhbanawan Katolika, abin da ke faɗo mana a rai shi ne mutumin da ya yi wa duniya saki uku, ya shige gida mai doguwar katanga a bayan gari, ba mai sake ganinsa. Mai wannan fahimta yana da hujjarsa. Akwai masu irin wannan rayuwa, kamar mabiya ƙa'idar Benedict, da ke ɗaukar alkawarin zama a gida guda har mutuwa. Su ma Dominikawa sun haramta wa kansu aure da mallakar dukiya, ga kuma doguwar farar riga. To amma yi musu kuɗin goro da waɗancan kuskure ne, kuma tarihin kafuwarsu ya isa shaida.

Dominic, wanda ya kafa ƙungiyarsu, mutumin Sifaniya ne. A kudancin Faransa ya tarar da masu wa'azin wata ɗariƙa da Cocin ke ɗauka ɓatacciya suna janye jama'a, saboda suna yawo a ƙafa cikin talauci, alhali wakilan Fafaroma na zuwa bisa dawakai da 'yan rakiya. Ya gane cewa talaka ba zai saurari wanda bai zauna da shi ba. Ƙungiyar da Fafaroma Honorius na Uku ya amince masa da ita a 1216 sunanta ma Ƙungiyar Masu Wa'azi. A 1217, tun suna 'yan ƙalilan, ya watsa su zuwa Faris da Sifaniya, daga baya Bolonya, wato inda jami'o'i da cunkoson mutane suke. Mai neman ɓuya ba ya nufar kasuwa.

Wani zai ce ai sun rayu da bara, wannan kuwa gudun wahalar duniya ne. A wancan zamani dukiyar gidajen ruhbanawa gonaki ce, mai gona kuwa ɗaurarre ne, damina ba ta barinsa tafiya. Sun ƙi gona ne don ƙafarsu ta saku.

Batun karatu ya fi ɗaukar hankalina. Thomas Aquinas, babban malaminsu, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd a fassarar Latin, ya karɓi wasu maganganunsu, ya yi wa wasu raddi da hujja. A Alƙahira kuma, tun 1953 suke da cibiyar nazarin ilimin Musulunci, wadda ɗalibai Musulmi ke amfana da laburarenta.

Shigarsu harkar jama'a ba kullum ta zama alheri ba, wannan dole a faɗa. Cikinsu aka samu alƙalan kotunan binciken aƙida da suka gallaza wa mutane a Turai. Cikinsu kuma aka samu Antonio de Montesinos, wanda a 1511 ya hau mumbari a Santo Domingo ya tuhumi Sifaniyawa ido da ido kan bautar da 'yan asalin wurin. Laifin da yabon duka na masu cuɗanya da mutane ne.

Ba sai mun je nesa ba ma. Dominikawa daga Chicago ta Amurka sun sauka Legas a 1951, suka zauna a Yaba. A 1953 aka danƙa musu yankin Sakkwato, ɗaya daga cikinsu, Edward Lawton, ya zama bishop na farko a can a 1964. Fada Joseph Kenny, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ibadan, digirinsa na uku a Edinburgh kan tauhidin Shehu Sanusi ya yi shi, malamin da ake karanta Ummul Barahin ɗinsa a zaurukanmu. Ya kuma fassara Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Turanci, aka buga ta a Minna.